Kwanar Bakin Gada

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana jan tirela, bai taɓa kwantar da ita ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya sauke shi daga mota, ya ajiye shi a kujerar falo. Da hannun hagun ya fara dawowa, likita ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa shi, ban da ƙwallon robar da yake matsawa. Sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kakkaɓe tsohuwar kwamfutar yayanta, ta saka wasan tuƙin manyan motoci, ta ɗaure sitiyarin wasa a bakin teburin cin abinci.

"Wannan ai murfin tukunya ne, Uwata," in ji Baba. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Kafin sati ya zagayo, murfin tukunyar ya zama abokin hira. Sai ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya duba madubin dama da na hagu kafin ya tayar. Ko titi babu kowa sai ya ba da sigina. Mama kan leƙo daga kicin ta ce, "Malam, in ka sauka lafiya ka bugo mana waya."

Ana nan sai wasan ya kai shi wata hanya da ake tafka ruwan sama, mai kwana a bakin gada. Yana karya sitiyari hoton ya daskare, ƙiftawar ido ɗaya, da ya saki sai ga tirela a jikin ƙarfen gada. Sau uku ana haka. A na huɗu Baba ya ɗora hannun hagun a gwiwarsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Kwance abin nan, Uwata. Hannun ya tafi."

"Wallahi Baba hoton ne ya tsaya, da idona na gani!"

"Direban kirki ba ya ɗora wa mota laifinsa."

Kwana tara sitiyarin na ƙarƙashin tebur. Ƙwallon robar ma ya daina taɓa ta. Da cokali ya suɓuce masa sai ya ture kwanon ya ce ya ƙoshi. Auta ta ga yadda mahaifinta ke sallama hannunsa a kan laifin da ba nasa ba.

Ta yi bincike har ta gane inda gizo ke saƙar: katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a allo, shi ne ya tsufa. Ta ɗauki abin da take tarawa na sabuwar waya, ta rungumi kwamfutar, ta hau benen masu gyaran kwamfuta a kasuwa. Ta san harbi ɗaya gare ta. In ta sayo wanda zai sake daskarewa, Baba ba zai ƙara yarda da hannun nan ba.

Shagon ɗan tsukuku ne, yana ƙaurin dalma, wayoyi na reto a ƙusa. Mai shi saurayi ne da ake kira Tabarau, don ɗaya na kan hancinsa, ɗaya a goshi, kullum kuma yana neman na uku. Auta ta nuna katin da ya fi kowanne girma a cikin gilashi, mai fanka uku da fitilu.

"Wancan nake so. In kuɗina bai kai ba zan sayar da wayata."

"Ranki ya daɗe, wa zai yi wasan?"

Ta yi niyyar amsawa a taƙaice, sai ta ji ta kwashe labarin duka, har ta nuna masa hoton allon gida a wayarta. Bai katse ta ba. Da ta gama ya kwance murfin kwamfutar, ya zaro tef ɗin awo irin na teloli, ya auna cikinta, ya auna katin.

"Ya fi gidan tsawo da yatsa huɗu. A ce ma ya shiga, akwatin wutar kwamfutarki ba zai ɗauke shi ba. A ce ya ɗauka, allon da kika nuna min hotonsa ba zai nuna rabin ƙarfinsa ba. Injin tirela ne za ki ɗora wa ƙaramar mota. Tambayi Baba yadda ake ƙarewa."

Kunya ta kama ta, ta koma kan mafi araha. "To wannan fa?"

"Da rana tsaka zai kai ki ko'ina. Amma ruwan sama a wasa lodi ne mai nauyi, kowane ɗigo sai an zana shi. Ma'ajiyarsa ƙarama ce. Bari dai, gani ya kori ji. Wace hanya ce?"

Ya kunna wasan a kan teburinsa, ya nemo gadar, ya saki ruwa. Ya nuna mata wata lamba a lungun allo, ya ce in ta faɗo ƙasa hoto ya tsaya ke nan. Da mai arahar, lambar ta rikito a daidai kwanar. Sai ya hau kujera ya sauko da wani kwali da rana ta kashe wa launi. Kati ne na bara, fanka biyu, ba fitila, ba ado. Ya saka shi. Ruwa ya zuba, waifa na kaiwa da komowa, lambar ta tsaya cak kamar an kafa ta da ƙusa. Tirelar kuwa ta faɗa ƙarfen gada.

"Ya sake tsayawa?" in ji Auta.

"A'a, wannan ni ne. Ko keke sai da na kai sha biyar na iya."

Dariya ta ƙwace mata, ta farko cikin kwana tara. Ta tsaya tana kallon yatsunsa suna ɗaure kusoshi a natse, ɗaya bayan ɗaya. Da bakinsa ya hana kansa babban ciniki, ko a jikinsa. Ya busa ƙurar ciki, ya sake mata fanka ɗaya, ya ce ta riƙe wayarta.

"Matsalar ita ce Baba ba zai yarda ya zauna ba," in ji ta. "Zai ce lallashinsa nake."

Tabarau ya sauko da gilashin goshi ya ɗora a kan na hanci, ya tuna akwai wani a wurin, ya mayar. "Kada ki ce an gyara masa. Ki ce mai gyara ya kasa wuce kwanar, yana roƙon direba ya gwada masa aikinsa. Ai ba ƙarya kika yi ba."

Washegari da hantsi ta isar da saƙon. Baba ya yi tsaki. "Yaran yanzu, a yi gyara ba gwaji?" Amma ya jawo kujera. Ya gyara hula, ya duba madubai. Mama ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

Ruwa ya sauko. Gada ta taso. Baba ya sassauta totur tun daga nesa, ya buɗe wa kwanar baki, hannun hagun ya ja sitiyari a hankali, yana ɗan karkarwa amma bai saki ba. Tirela ta lanƙwasa, bayanta ya biyo, ta miƙe a kan gada. Auta ta cije gefen mayafinta, hawaye na bin kumatunta.

Ya tuƙa har wurin sauke kaya. Wajen yin baya sai bodin ya goge wata tukunyar shara. Auta ta buɗe baki za ta kare shi, ya ɗaga mata hannu, na hagun.

"Wannan nawa ne. Ban duba madubi ba." Yana dariya har hularsa ta karkace. "Miƙo min ƙwallon nan, Uwata, yatsun suna son ƙarfi. Shi kuma yaron, ki ce masa aikinsa ya yi. Ya zo ranar da ba ya shago in koya masa shan kwana."

"To, Baba," in ji Auta, ta sunkuya ƙarƙashin kujera neman ƙwallon, ta ɗan daɗe a can fiye da yadda neman ke buƙata, don kada a ga fuskarta.