Sallamar Gwaggo Harira

Shekara goma sha tara Malama Kaltume tana koyar da tarihi a kwaleji, ba ta taɓa tambayar aji ko an gane ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ta san mai gyangyaɗi, ta san mai gyaɗa kai don kunya alhali bai fahimci komai ba. Da aka mayar da darasinta ta intanet, sai ga ta a ɗakin baƙi na gidansu a Unguwar Dosa, tana yi wa sunaye arba'in magana a kan baƙin allo. Kowa ya rufe kyamara, wai data na tsada.

Wannan duk da sauƙi. Babbar matsalar gidan ne. A kwaleji akwai ƙofa da maigadi. A nan kuwa, ido wa ka raina? Wanda kake gani kullum. Duk wanda ya ji tana gida sai ya ɗauka hutu take. Maƙwabciya ta zo aron turmi, masu rabon katin biki su zo, kuma ba a ƙyale mai sallama a tsaye. Sau uku tana barin aji a buɗe ta fita gaisawa, har ɗalibai suka kai ƙara. Shugaban sashe, Dakta Isa, ya ce ranar Talata zai shiga ajin da kansa ya saurara, in aka sake katsewa za a ba wani darasin.

Ranar Talata maigida ya tafi ofis, yara suka tafi makaranta, ta fara aji ƙarfe goma daidai. Tana cikin bayanin hanyoyin fataken goro sai ta ji sallama a tsakar gida.

Ta gane muryar. Gwaggo Harira ce, yayar mahaifin mijinta, wadda ta riƙe shi tun daga yaye. Daga Mando ta taso, sai da ta hau keke napep biyu, ga ciwon gwiwa. Irin Gwaggo ba a amsa musu daga zaune ta bayan labule, wannan ya fi shirun muni. Fita ake yi a durƙusa, a tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a kawo ruwa.

Kaltume ta dubi allo. Ga sunan Dakta Isa can a lungu, shiru kamar sauran. Gaba kura, baya sayaki. Ta amsa sallamar a zuci, bakinta na ci gaba da lissafa zangon fatake.

Sallama ta biyu ta fi ta farko kusa.

"Masu gidan nan ƙaura suka yi ne? Ga murya kuma ina ji."

Kaltume ta jefa wa aji tambaya, da fatan wani ya ɗauka ya yi ta zuba, ita kuma ta samu ta leƙa. Da a kwaleji ne, kallo ɗaya ya isa ta tayar da mai amsa. Nan babu wanda ya motsa. Ta kira suna biyu, ɗaya ya rubuto cewa ba ya ji sosai. Dole ta amsa tambayar da kanta.

Ana haka Gwaggo ta yi ta uku. Daga nan sai jan silifas a hankali, sai ƙarar ƙofar gida.

Da aji ya tashi, Dakta Isa ya turo saƙo cewa madalla, haka ake so, a ɗore. Kaltume ta kira Gwaggo a waya. Ta fara ba da haƙuri, tana cewa aiki ne ya riƙe ta.

"Ai na ji ki, 'yar boko. Har takalminki na gani a bakin ƙofa. Na ce bari in bar ki da manyan baƙinki."

"Gwaggo, ɗalibai ne, a kwamfuta suke."

"To, a gaishe su. Dama maganar bikin jikata Umaima na kawo, na ce ke uwa ce, uwa ba a aika mata kati. Amma za a aiko."

Gwaggo ta katse wayar. Kaltume ta jawo mayafi, tana lissafin zuwa Mando da dawowa. Zumunci a ƙafa yake, wannan ba gyaran waya ba ne. Ta dubi agogo. Saura minti ashirin aji na biyu, gobe ma uku ne a jere. Ta ninke mayafin, ta aje a hannun kujera, ta gyara zama.