Wadda Pak Hardjono Ke Yi Wa Raɗa

A ofishinmu na Semarang babu kwantenar da ke fita daga harabar kamfani sai Pak Hardjono ya amince a kwamfuta. Shi ne shugaban sashen fitar da kaya, kujeru da teburan katako muke turawa ƙasashen waje. A wajenmu Pak ake kiran babban mutum, Bu ko Ibu babbar mace, Mas saurayi, Mbak kuma budurwa. Sai dai Pak Hardjono ba mazauni ba ne. Ran Juma'a tun kafin kiran salla yake zura silifa ya tafi masallaci, daga can ya zarce shan romon soto da abokansa, ba a sake ganinsa sai dab da la'asar. Sauran ranaku in ba taro ba, to biki ko gaisuwar mutuwa. Jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa ya gama shan romo.

Shi ya sa yake barin kalmar sirrinsa a hannun mutum ɗaya. Mu dama komai bar wa juna muke yi, daga yaro zuwa babur har tukunyar da ke kan wuta, kuma wanda aka bar wa abu an girmama shi ne. Shekara da shekaru Bu Sumiyati ce mai wannan girman. Duk lokacin da kwamfuta ta matsa masa ya sauya kalmar, sai ya fito daga ɗakinsa, ya tsaya a teburinta, ya sunkuya kamar mai duba takarda, ya yi mata raɗa a kunne. Ita kuma ta gyaɗa kai ba tare da ta ɗago ba. Yu Sum yake ce mata, yayarsa ke nan, duk da ya girme ta.

Teburina na manne da nata. Ni Tutik ba a taɓa yi min raɗar ko gaisuwa ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana ci min rai. Ina zaune direbobi za su shigo da ledar lumpia, soyayyen naɗin fulawa mai zafi, su wuce ni kamar kujera, su ajiye a gabanta suna murmushi. Ta san darajar abin da ke kunnenta. Direba zai tsaya da hularsa a hannu, ita tana juya cokali a shayi.

"Bu, jirgin fa ƙarfe uku zai rufe karɓar kaya."

"To ni na hana shi rufewa? Zauna, Mas, ka sha iska. Kullum kuna sauri kamar ku kuka haifi jirgin."

Sai ta ga dama sannan ta danna.

Da wasu 'yan Singapore suka sayi rabin kamfanin, sai suka kawo mana mai tsaron kwamfutoci, Mas Gilang, dogo mai tabarau. Ya tara mu ya ce kalmar sirri ta mutum ɗaya ce, ko matarka ba ta da rabo a ciki, kuma duk wanda aka kama zai gamu da fushin hukuma. Muka ce, "Haka ne, Mas, gaskiya ne, Mas." Pak Hardjono ya fi kowa gyaɗa kai. Mu ba ma ce wa mutum a'a a gaban idonsa, shi kuma Mas Gilang, bawan Allah, ya ɗauka ya gama aikinsa.

A watan ne aka ɗauki Mbak Anindya, yarinya daga Jakarta, mai saurin hannu da saurin dariya. Aka ba ta teburin da ke bayan na Bu Sumiyati.

Ranar sauya kalma ta zo. Pak Hardjono ya fito. Bu Sumiyati ta gyara mayafinta, ta ɗan kauda shi daga kunnen dama kamar yadda ta saba. Ya iso teburinta, ya ce, "Yu Sum, ya ƙafar?" Ta ce da sauƙi. Ya wuce. Muna ji muna gani ya sunkuya a kan Mbak Anindya.

Kowa ya duƙufa kan aikinsa kamar an biya shi kuɗin duƙufawa. Bu Sumiyati ta mayar da mayafin kan kunnenta a hankali. Na tausaya mata, amma can ƙasan zuciyata wani daɗi ya ɗan motsa, sai kuma haushi ya danne shi, don raɗar ta tsallake ta ta tsallake ni, ta faɗa kan wadda ko hanyar kantin abinci ba ta gama sani ba.

Babu wanda ya san dalilinsa. Wasu sun ce direbobi ne suka kai ƙarar jiran da take sa su. Shi dai bai ce ba, ita kuma girman kai bai bar ta ta tambaya ba.

Juma'ar farko direba ya shigo da leda, ya tsaya tsakanin teburan biyu yana raba ido. Mbak Anindya ta ce, "Kawo lambar, Mas." Kafin ya gama karantowa ta danna. Ya ajiye mata ledar ya fita yana sa mata albarka. Yarinyar ta buɗe, ta miƙo wa Bu Sumiyati da hannu biyu.

"Bismillah, Bu, da zafinsa."

"Na gode, 'yata. Mai ba ya yi min daɗi yanzu. Ku ci, ku ne masu ƙuruciya."

Wannan matar da na sani tana cinye lumpia biyar a zama ɗaya. Da muka fita cin abinci ko shinkafarta ba ta taɓa ba.

"Kin ga yadda take dannawa, Tutik? Ko karantawa ba ta yi. Wata rana sai ta tura kujerun Holan zuwa Koriya."

"Ai kuwa ban ga ta yi kuskure ba tukuna, Bu."

"Ke ma kin koma can ke nan."

"Ni ina nan inda aka bar ni. Ni da ko tari ba a taɓa yi min a kunne ba."

"Lokacin da aka yi wa matarsa aiki, wa ya riƙe sashen nan? Da ya tafi aikin Hajji fa? Kwana arba'in kalmar nan tana bakina, ko mijina bai ji ta ba." Idonta ya kawo ruwa, ta ce barkono ne.

Kishi ya ci ta har ta rame. In Mbak Anindya ta yi dariya, sai ta ce ofis ya zama kasuwa. In ta yi shiru, sai ta ce tana ƙulla wani abu. Daga nan na ga ta fara kai wa Mas Gilang soyayyiyar ayaba, mutumin da a da take kira sandar rake. Rannan ta ja ni muka je tare, don kada a ce ta je ita kaɗai.

Ba ta kai ƙara ba, mu ba ma kai ƙara. Ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta yaba tabaransa, sannan ta ce, "Mas, ni fa jahila ce a harkar nan. Wai kwamfuta tana iya sanin mutum yana masallaci ko yana ofis?"

"Me ya sa kika tambaya, Bu?"

"A'a, tunani ne kawai irin na tsufa. Na ga Pak Hardjono Allah ya yi masa baiwa. Yana sahun gaba a masallaci, yana kuma sallamar kwantena."

Mas Gilang ya ajiye ayabar. A hanyar komawa na ce mata, "Bu, kin san in ya tona, teburinki zai fara gani?" Ta ce ita ba ta ce komai ba. Lissafinta shi ne a tsawata wa yarinyar, Pak Hardjono ya gane cewa sirri sai manya, ya dawo inda ya saba.

Mas Gilang ya tona, ya ga an yi 'yan makonni ana amfani da kalmar a teburin Mbak Anindya, an yi shekaru a na Bu Sumiyati. Ba a kori kowa ba, don in za a kora sai an kwashe rabin ginin. Amma an kira Pak Hardjono sama, kuma wani yaro ɗan Singapore, sa'an ɗansa, ya yi masa faɗa ta allon kwamfuta a gaban manajoji. Ya sauko yana murmushi, irin murmushin da duk wanda ya san shi ya san ba na lafiya ba ne. Sannan aka kawo sabon tsari: kalmar sirri kaɗai ba ta buɗe komai, sai an haɗa da wata lamba da za ta shigo wayar mai ita a duk lokacin da za a amince da kaya.

Bu Sumiyati ta ce min, "Shi ke nan, kowa ya rasa." Har ta ci abincinta tas a ranar.

Pak Hardjono bai yi mata faɗa ba, bai ko ɗaure fuska ba. Ya san ko wace ce, ofis ba ya ɓoye soyayyiyar ayaba. Washegari da safe ya tsaya a teburinta ya ɗan rusuna.

"Barka da asuba, Ibu Sumiyati. Da fatan Ibu ta tashi lafiya."

Haka ake gaida baƙuwa daga ma'aikatar haraji. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Juma'a ta zagayo. Ya fito da silifa da darduma a kafaɗa, muka zuba ido mu ga yadda zai yi da jirgin ƙarfe uku. Ya wuce ni, ya wuce ta. Ya zaro wayarsa daga aljihu, wayar da hoton jikansa ke kai, ya ajiye a tafin hannun Mbak Anindya a gaban kowa.

"Na bar miki, Nduk. In Ibu uwargidana ta kira daga gida, ki ce ina masallaci."

Nduk, yadda uba ke kiran 'yarsa.

Bai daɗe da fita ba wayar ta yi ƙara. Muka ji yarinyar tana cewa, "Eh, Bu, ya tafi. A'a, bai sha maganin ba, zan tuna masa." Sai dariya, matar Pak Hardjono na faɗa mata wani abu mai daɗi.

Bu Sumiyati tana zaune, bayanta na kallon yarinyar, hannunta a kan madannai ba ta danna komai. Can ta matso kusa da ni, murya ƙasa ƙasa.

"Wane magani yake sha, Tutik?"

Na ce ban sani ba. Ta gyaɗa kai, ta jawo mayafinta ta rufe kunnen sosai.