Ladanin Kazage a Majigi

Abarshi ladani ne a Kazage, kuma bai sami ladancin nan da sauƙi ba. Kakansa Bagware ne mai tsafi, ubansa ne ya musulunta. Abarshi ya yi shekaru yana sharar masallaci yana cika randar alwala kafin liman ya yarda ya ba shi kiran salla. Duk da haka in gardama ta yi zafi sai wani ya tuna masa gidan da ya fito.

Da rani sai ga Turawan majigi sun sauka da akwatin ɗaukar hoto, da tafintansu Mu'azu. Suka ce mutanen daji na asali suke nema. Dagaci bai ko yi dogon tunani ba, ya aika a kira Abarshi, don shi kaɗai ya san kufan kakanninsa a cikin dajin.

Abarshi ya ce shi musulmi ne, ba ya zuwa. Dagaci ya ce ba shawara yake nema ba, ga 'yan doka nan a zaure. Mu'azu ya ja shi gefe.

"Haba Baba, a Ingila za a nuna. Wa ya san ka a can?"

Suka shiga daji. Aka tuɓe masa riga, aka ɗaura masa warki, aka shafa masa toka. Baturen ya ce ya durƙusa gaban wani dutse, Mu'azu ya miƙa masa ƙwaryar gumba ya ce ya watsa kawai. Da haka ya yi, da ya huta. Amma ya ga dutsen ba shi ne na tsafin gidansu ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya nuna musu na gaskiya, ƙarƙashin kuka. Ya juya masa baya, ya zuba gumbar ta kan kafaɗarsa da hannun hagu, yadda ya ga kakansa na yi yana yaro. Baturen ya ji daɗi ƙwarai. Abarshi ya koma gida ya yi wanka, bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Furera.

Rani ya zagayo, motar majigi ta zo Birnin Gwari ran kasuwa. Bayan magariba aka kafa farin ƙyalle, mutanen Kazage suka zauna gaba. Sai ga Abarshi ya cika ƙyallen, tsirara in ban da warki, mai lasifika yana cewa a dubi yadda jahilai ke neman magani kafin zuwan asibiti. Yara suka yi ta dariya. Tsofaffi ba su yi ba.

Washegari liman ya kira shi. Abarshi ya ce tilasta masa aka yi, a tambayi dagaci. Liman ya ce ya yarda an tilasta masa tuɓe riga.

"To hannun hagun fa, Malam Abarshi? Bature ne ya koya maka?"

Liman ya ce ya huta da kiran salla tukuna, wani mai suna Nababa zai riƙe.

Da damina ta faɗi ya kwashe iyalinsa zuwa Randagi, inda ya zaci ba a san shi ba. Can ma motar ta riga ta je.