Zanen Zumunta na Mama Hulda

Saura kaɗan Afiniki ta cusa aikin nan a ƙarƙashin katifa, kowa ya huta.

Tun tana ƙarama take bin uwarta, Mama Hulda, zuwa kan dutsen bayan gidansu a Nok, inda mata ke tsaga citta suna shanyawa. Wannan zaman ne ta ɗinka a kan farin yadi da ƙyallayen tsofaffin zannuwa: ga dutse, ga citta, ga mata a durƙushe, kowace da ƙyallen zanenta. Uwarta kaɗai ta rage. Ta buɗe akwati ta tarar da zannuwan zumuntar mata guda biyu, shuɗaye, a ninke ba ka bambanta su. Ta yanki na sama. Sai ran Asabar ta gane na bana ta yanka, wanda mata za su ɗaura gobe a coci. Wadda ba ta ɗaura shi ba kuwa, ba ta shiga layin waƙa.

Mama Hulda ta ɗaga zanen, ta leƙo ta cikin hujin.

"Afiniki! Ɓera ne ko ke?"

"Ni ce, Mama."

"To me zan ɗaura gobe? Taga?"

Afiniki ta miƙe. Ta ɗauko aikin ta shimfiɗa a tabarma, kanta a sunkuye. Daidai nan Mama Jacinta, shugabar zumunta, ta shigo aron turmi. Ta ja birki.

"Yesu na! Hulda, ai ga ki nan, har da karkataccen ɗankwalin naki! Ga Miriyam da ƙaton kwandonta. To ni ina nake?"

"Ba ni da ƙyallenki, Mama," in ji Afiniki, da kyar ake jin ta.

"Ni da na fi kowa surutu a kan dutsen nan?"

Mama Hulda ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta ƙwace mata.

"Ɗaura na bara ki tsaya bayana," in ji Mama Jacinta. "Faɗina ya isa ya rufe ki."

Haka aka yi. Mama Hulda ta yi waƙarta a ɓoye, muryarta ta fi ta kowa tashi. Da yamma mata suka cika gidan, kowa da tsohon zane a hammata.

Da gari ya waye Afiniki ta ɗauki almakashi, ta fara da na Mama Jacinta. Ta zaunar da ita a tsakiyar dutse, baki a buɗe.