Abin da Aka Tsamo a Miyar Zubaida

Falalu ya ɗaga abin da cokali, miyar kuɓewa tana zuba daga jikinsa.

"Jama'a, ku zo ku gani! Ashe shi ya sa ba ma iya wuce rumfar nan!"

Nan da nan 'yan kasuwar Gwiwa suka kewaye Zubaida mai tuwo. Abin kamar maɓallin riga yake, da ƙafafu biyar sirara masu ƙananan ƙayoyi, biyu sun gutsure. Wata ta ce wutsiyoyin macizai ne aka ɗinke.

Sarkin kasuwa ya ce, "Zubaida, in asiri ne, yau kika gama tuwo a nan."

Habiba tana rakuɓe a bayan rumfa. Ita ke tsince wa Baba Kura busasshen jatan lande kafin ya sayar wa masu abinci irin su Zubaida, kuma ba ta taɓa magana a taron maza ba. Ta ja mayafinta, ta fito gaban sarkin kasuwa.

"Ranka ya daɗe, dabbar teku ce. Ni ce ban tsince ta ba."

Falalu ya tuntsire da dariya. "Teku? Ke da ko Kazaure sai da rakiya?"

"Baba, a ba ni sabon buhu," in ji ta.

Baba Kura ya farke ɗinkin a gaban kowa. Ta zuba a faifai ta hau tsinta. Faifai na farko, babu. Na biyu, sai ɗan ƙaguwa. Zubaida ta fara share hawaye. A na huɗu Habiba ta ɗago wata, ƙafafunta biyar cif.

"Matar da ke kawo kayan daga kudu ta gaya mini. A ƙasan teku take zama, cikin yashi da ƙarƙashin duwatsu, tana jan jiki da ƙafafun nan. In an kama ƙafa ɗaya sai ta yar, wata ta tsiro. Raga ce ke kwaso su tare da jatan lande."

Sarkin kasuwa ya taɓa ƙafa ɗaya, ta karye a hannunsa. Ya yi murmushi.

"To, Falalu, mene ne ke hana ka wuce rumfar?"

Falalu ya sosa ƙeya, ya miƙa kwano. "Yaya Zubaida, a ƙara miya."

Zubaida ta karɓa ta ajiye gefe. Ta ɗauko sabon kwano, ta fara zuba wa Habiba.