Hayaƙi a Lambun Baba Umara

Ko da na isa bakin fadama, Baba Umara yana ƙasa. Ƙanena Bala na tsaye a kansa da ƙotar fartanya, ya riga ya sauke masa ita sau biyu a haƙarƙari, yana ɗaga ta karo na uku. Maza huɗu suna ta tattake wuta da ƙafa, suna watsa mata ƙasa da hannu, amma hayaƙin ya riga ya miƙe ya wuce tsayin kuka, fari fat, wanda ke can ƙauyen Gafasa ma in ya ɗaga kai zai gan shi.

"Bala, tsoho ne fa," na ce. "Bala, ka ji tsoron Allah."

Ko waiwayowa bai yi ba. Shi kuma tsohon, maimakon ya kare kansa, sai jan ciki yake yi zuwa fangalin lansir ɗinsa, ɗan wurin nan da bai fi faɗin tabarma uku ba, wanda ya kewaye da ƙasa don ya riƙe ruwa. Ya miƙa hannu ɗaya kamar mai tare awaki.

"Ku bi ta gefe," yake cewa. "Don Allah ku bi ta gefe, ya yi fure."

A kan wannan hannun ta ukun ta sauka. Na ji ƙarar ƙashin kamar an taka busasshen kara. Ta huɗu ta same shi a bayan kunne, hularsa ta yi tsalle ta faɗa magudanar ruwa. Na rungume Bala ta ƙugu, ya yi jifa da ni, na faɗa inda hular ta faɗa. Daga nan kwance cikin taɓo na ga ƙafar Bala ta hagu, mai yatsu huɗu, wadda gatari ya rage wa ɗaya tun muna yara, ta shiga tsakiyar fangalin. Da ya gane abin da tsohon ke karewa, sai ya bar mutum ya koma kan ganye. Ya fizge fartanya a hannun wani ya dinga sara, yana sara yana kiran sunan matarsa Hanne, har sai da mai unguwa Maikuɗi ya iso yana haki ya sa aka riƙe shi.

Ba zan ce muku Bala mugu ba ne, ko da yake ran nan na ga mugunta a idonsa. Shekara biyu kafin haka mahara suka sauko daga duwatsun kudu, suka tarar da Hanne da 'yarta a bakin rijiya, suka ɗaure su da igiya ɗaya suka wuce. Kwana shida Bala yana bin sawu, ya dawo hannu rabbana. Kowa kuma ya san abin da ya nuna musu ƙauyenmu, wanda ke lafe cikin kukoki ba a ganinsa daga hanya: hayaƙin wani da ke ƙona karan gona ne. Shi ya sa a wannan shekarar, da fatake suka fito daga Gaya suka ce an ga mahara tafiyar kwana biyu daga mu, Maikuɗi ya bi gida gida da bakinsa. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba mai hura wuta. A yi girki kafin gari ya waye, a binne garwashi cikin toka.

Baba Umara Babarbare ne, da zanensa a fuska. Tun ban yi aure ba ya zo daga gabas da matarsa Bintu, kuma dangar kara ɗaya ce ta raba gidansa da nawa. Bintu ce ta zo da irin lansir, ƙulle a gefen zanenta, tafiyar wata guda. Daga Ajingi har Gaya ba mai shi sai su. Ni kuwa tun da mijina ya rasu da shi nake ci: in yanko ganye, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli, in ɗauka a ka zuwa kasuwar Gaya, kafin azahar ƙwarya ta zama wayam. Da Bintu ta rasu ba su bar ɗa ba, sai na ɗauki tuwonsa a kaina. Kullum sai mun yi faɗa. Ya ce miyata ba gishiri, in ce to ya je Barno ya ci mai gishiri. Ban taɓa ganin tsoho mai taurin kai irinsa ba, kuma ina ƙaunarsa kamar uban da ya haife ni.

A ɗarin nan tsutsa ta sa shi gaba. Wata koriya ce, siririya, tana maƙale a bayan ganye, kwana biyu ta mai da shi rariya. Shuka ta farko ta cinye, ta biyu ta cinye. Ba abin da bai yi ba. Ya jiƙa ganyen taba da ɓawon maɗaci ya yayyafa. Ya bi ganye ɗaya ɗaya yana tsince ta yana zubawa a gora, har bayansa ya ƙi miƙewa. Kullum da safe ya yayyafa ruwa, sannan ya barbaɗa toka sama-sama a ganyen ƙasa, da yatsu uku, kamar mai sa gishiri a miyar baƙo. Ragowar irin da ke cikin tsumman Bintu ya zuba a shuka ta uku, fangali ɗaya tak, bai bar ni na yanki ko ganye guda ba, don na iri ne. Ya tsallake, ya yi tsawo, ya fitar da 'yan fararen furanni. Sai ga uwayen tsutsar sun dawo, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu fiffike ruwan toka, suna yawo a kan furen.

"Ka sa musu toka mana," na ce masa.

"Toka ba ta hawa fure, Hajo. In ta hau, fure ya ƙone, ba iri. Waɗannan sai hayaƙi."

Ran da abin ya faru, da hantsi, ya yi sallama a ƙofata da tsingaro a hannu. Murhunsa ya daɗe da mutuwa, tun da ni ke masa girki.

"Hajo, a sam mini wuta."

Na ga kwandon da ya ajiye a bayansa, busasshen kashin shanu da karan taba. Ba wanda zai ce ban sani ba.

"Baba, ka ji abin da mai unguwa ya ce."

"Na ji. Kaɗan zan yi, ƙasa-ƙasa, iska za ta kwantar da shi cikin fadama. Kwana goma kawai nake nema kwanso ya bushe. In wannan ya tafi, ina zan samo wani? Bintu ce za ta tashi ta sake kawowa?"

Zan so in ce tausayi kaɗai ya sa ni, amma ƙarya ne. Na tuna da ƙwaryata ma, da abin da zan kai kasuwa baɗi. Na tona toka na ɗebo masa garwashi uku.

"In an tambaye ka, ba ni ba ce."

"Wa zai tambaya?" ya ce, ya yi dariya.

Iskar da ya dogara da ita ta tsaya cak a safiyar nan, hayaƙi ya miƙe sama kamar an kafa sanda.

A kan ƙyauren kara aka ɗauko shi zuwa ɗakinsa. Wanzami ya zo ya ɗaure hannun da karare, ya taɓa haƙarƙarin, ya dube ni ya girgiza kai. In tsohon ya yi tari sai jini ya fito masa da kumfa. Na zauna ina goge masa baki, ina ɗiga masa kunu da ludayi. Ran nan duk ƙauye ba wanda ya fita; maza na kan danga da baka da kibiya, mata sun ɗaure kaya suna jiran a ce a gudu.

Kashegari da azahar labari ya zo cewa maharan sun juya kudu. Ko sun ga hayaƙin ko ba su gani ba, Allah kaɗai ya sani. Bayan la'asar Maikuɗi ya shigo duba shi, Bala na biye, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa.

"Sannu, Umara," in ji Maikuɗi. "Abin da ya faru ya faru. Amma kowa ya san murhunka ba wuta. Wa ya ba ka?"

Ina zaune dab da kan tsohon, da ludayi a hannuna.

"Ko wane ne," Bala ya ce daga ƙofa, "wallahi abin da na yi wa wannan shi zan yi masa. Shi tsufa ya ruɗe shi. Wanda ya ba shi da hankalinsa ya ba shi."

Baba Umara ya daɗe yana neman numfashi. Bai dube ni ba ko sau ɗaya.

"Ƙyastu gare ni," ya ce. "Ni na ƙyasta abata. Mai unguwa, kada a kai maganar nan gaban alƙali a Gaya. Yaron nan an riga an ɗauke masa abin da ya fi hannuna."

Ni kuma na yi shiru. Bakin nan nawa da ba ya barin ko kaza ta wuce ba ta sha zagi ba, ran nan ya mutu murus. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Da suka tafi ya ja gefen zanena da hannunsa mai lafiya.

"Kin je lambu?"

Na je. Na ga ƙasa a birkice, kara da fure a cakuɗe da taɓo. Can gefen magudana, inda jikinsa ya kwanta ya rufe, tushe tara sun tsira, a sunkuye amma ba su karye ba.

"Yana nan, Baba. Kaɗan suka taka."

"Ƙarya kike yi, Hajo. In kina ƙarya hancinki ne ke motsi. Nawa suka rage?"

"Tara."

"Tara ma iri ne." Ya rufe ido. "Ruwa da sassafe, ta gindi. Ki bi bayan ganye da yatsa, can suke ɓuya. Toka a ganyen ƙasa kaɗai, sama-sama. Ki sa hannunki na miya, kin cika ƙwauro, amma nan ƙwauron shi ake so."

Na yi dariya ina kuka. A rana ta uku, tsakanin azahar da la'asar, tarin ya zo masa da ƙarfi, jini ya cika ƙoƙon da na tara. Na ruga na kira liman, ya zo yana laƙƙana masa kalmar shahada, yana amsawa da leɓe. Kafin inuwar danga ta kai bakin ƙofa ya cika. Aka binne shi kusa da Bintu. Bala na cikin waɗanda suka haƙa kabarin, an ce shi kaɗai ya yi rabin aikin, ba wanda ya yi masa magana.

Da maza suka watse na tarar da shi a bayan gidansa yana wanke ƙasar kabari daga ƙafafunsa. Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata.

"Ni na ba shi wutar."

Ya ɗago kai a hankali.

"Me kika ce, Yaya?"

"Garwashi uku, daga murhuna, kuma na san abin da zai yi da su. Ba shi da wani ƙyastu. Ga ni, ka ce za ka yi, to yi."

Marin da ya yi mini sai da na ga wuta, na zube a kan tulu ya fashe, haƙorina na gefe ya faɗo cikin bakina. Ya ɗauki taɓarya ya ɗaga sama. Na tofar da haƙorin, na dube shi daga ƙasa.

"Tushe tara suka rage," na ce. "In ka gama da ni ka nemi mai ba su ruwa, don kwana bakwai suke nema. Mai su ya mutu."

Ya tsaya da taɓaryar a sama. Sannan ya sake ta ta faɗi bayansa, ya shige ɗaki ya ja asabari.

Da gari ya waye na ɗauki gora da 'yar toka a ƙoƙo na gangara fadama, kumatuna a kumbure. Guga na rataye a jigo yana ɗiga, gindin tushen tara a jiƙe sharkaf, an kafa wa kowanne ɗan kara an ɗaure shi da zaren rama. A cikin taɓon magudana ga sawun ƙafar hagu, yatsu huɗu. An kuma zuba toka, irin zubin wanda bai taɓa yi ba, da cikin hannu, a kan ganye da fure da komai, har fararen furannin sun koma ruwan ƙasa.

Na ajiye gorar, na durƙusa a inda Baba Umara ya kwanta. Na tallafo fure na farko da yatsu biyu, na kai bakina kusa, na fara hure tokar a hankali.