Mai Guga Cikin Rigar Uwar Gida

Ku yi mini haƙuri, karatu na saba, rubutu kuwa yau na fara. In na yi tuntuɓe ku kau da kai.

A wani gidan wasan kwaikwayo akwai wata budurwa mai guga. Aikinta a bayan labule yake: ta goge kaya, ta rataye, ta mayar da maɓallin da ya tsinke. Tsohon wasan barkwanci ake shiryawa, inda uwar gida ke musanya tufafi da 'yar aikinta don ta gwada masoyinta. Tauraruwar wasan ba ta zuwa da wuri, saboda haka in mai fitila zai daidaita haske, sai a zura wa mai guga doguwar rigar uwar gida, ta tsaya tsakiyar dandamali kamar turke.

A haka wani malamin makaranta ya tarar da ita, ya zo kama wa ɗalibansa kujeru. Ya gaishe ta har da rusunawa, ya ce, "Ashe ke ce tauraruwar."

Ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta ji ta ce, "Sannu da zuwa."

Daga nan ya riƙa leƙowa duk lokacin daidaita haske. A duniya ba wanda ya taɓa sauraronta har ta dire magana sai shi. Kullum takan ce gobe za ta faɗa masa gaskiya.

Ranar buɗe wasa, da hantsi, sai ga shi bayan labule da yayarsa, ya kawo ta ta ga wadda yake so. Mai guga na cikin rigar ana duba tsawonta, tauraruwa kuma na gwada kayan 'yar aiki. Kallo ɗaya tauraruwa ta yi ta gane komai. Ta durƙusa gaban mai guga.

"Ranki ya daɗe, a kawo wa baƙi ruwa?"

Mai fitila ya toshe baki yana tarin ƙarya. Mai guga ta gyaɗa kai.

Yayar ta cire gyalenta ta miƙa wa tauraruwa. "Ke 'yar nan, ɗan murza mini, mota ta yamutsa shi."

Tauraruwa ta karɓa da hannu biyu, ta dangwarar da dutsen guga a kan yadin mai shara-shara, ta juyo tana kallon baƙin. Ƙauri ya fara tashi. Mai guga ba ta san sa'ad da ta yi tsalle ba. Ta ɗage dutsen, ta lashi yatsa ta taɓa gindinsa, ta rage wuta, ta shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle. Sai da ta kai gefen gyalen ta ji wurin ya yi tsit.

Yayar na kallon tabon ƙuna a wuyan hannun mai guga. Ta ce, "Ƙanena, wannan hannun ba yau ya fara ba."

Dariya ta ɓarke, tauraruwa har da riƙe ciki. Malamin bai yi ba, kuma bai dubi mai guga ba. Takalminsa ya tsura wa ido, can ya tambayi mai fitila ina kujerun ɗalibansa.

Mai guga ta ninke gyalen ta ajiye. Ta shiga bayan wani katakon adon dandamali da aka zana taga a jikinsa, ta tuɓe rigar, ta rataye ta yadda kafaɗa ba za ta lanƙwashe ba. Ƙofar da ake shigo da katako a buɗe take. Suna can suna maimaita yadda ta lashi yatsa, ta sulale ta fice.